Wa Ke Magana Da Yaronki A Cikin Gem?

Saƙonnin wannan makon kusan duk a kan yara da gem suka zo, don haka masu tambayar batir da cikar waya ku yi mini haƙuri sai mako mai zuwa.

Tambaya, daga wata Hajiya a unguwar Aboabo, Kumasi: Assalamu alaikum Malam. Ɗana shekararsa 11. Da ya dawo daga makaranta sai ya ɗauki wayata, ya toshe kunnuwansa, ya kama buga wani gem wai shi Free Fire. Rannan na ji yana hira yana ta dariya. Na ce da wa kake magana, ya ce abokinsa ne, wai har daimon ya saya masa. Ni ban san wannan aboki ba. In ƙwace wayar ne?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya raya mana su. Kar ki ƙwace tukuna.

Free Fire ana buga shi ne ƙungiya-ƙungiya, mutum huɗu a tare, kuma idan yaro bai cika huɗun da abokansa ba, gem ɗin ne ke zaɓo masa ko wa ya samu. Da ya taɓa alamar makirfo, shi ke nan, muryarsa na zuwa kunnen mutanen da bai taɓa gani ba. Wanda ya ce shekararsa 12 yana iya zama mai gemu. Haka abin yake a PUBG da Call of Duty.

Abin da ya tsaya mini a rai a saƙonki shi ne daimon ɗin, wato kuɗin cikin gem da ake sayen kayan wasa da shi. Kuɗi ake sawa a saye shi, kuma banza ba ta kai zomo kasuwa. Mai yiwuwa ɗan ajinsu ne da babansa ke da hali. Amma mugayen da ke farautar yara ma da kyauta suke farawa. Sai su yabi yaro, su ce ba wanda ya iya harbi kamarsa. Sai kyauta. Bayan kwana biyu su ce hirar cikin gem ba ta daɗi, ba ni lambar WhatsApp ɗinka, ko mu koma Snapchat ko Discord. Dalilinsu shi ne a cikin gem akwai tacewa da maɓallin kai ƙara, a can kuwa daga shi sai yaron. Daga nan sai a zo kan "kar ka gaya wa mamanka", sai kuma a nemi hoto.

Na ga irin wannan da idona a shagona a Adum. Wani bawan Allah ya kawo waya gilashinta ya fashe, ɗansa na tsaye a gefensa. Ina gama haɗawa na kunna, saƙonni suka fara shigowa ɗaya bayan ɗaya, yaron ya kai hannu zai fizge wayar, jikinsa na rawa. Da uban ya karanta, wani ne da suka haɗu a gem ke tambayarsa wace unguwa yake, ƙarfe nawa mamansa ke tafiya kasuwar Kejetia, wa ke zama a gida da rana. Kuma yaron duk ya amsa. Uban ya ɗaga hannu zai mare shi, na riƙe hannun. Na ce Alhaji, in ka doke shi yau, gobe in mutumin nan ya tsorata shi, wurin wa zai gudu?

Shi ya sa na ce kar ki ƙwace. Yaron da aka ƙwace wa waya zai ari ta abokinsa, ko ya tafi gidan gem na bayan layi, kuma ba zai ƙara gaya miki komai ba. Ki zauna kusa da shi bayan Magariba ki ce ya koya miki wasan. Ki sa ya cire abin kunne, muryoyin su fito fili, ki ji da kanki ko ta yaro ce ko ta babba. Ya nuna miki jerin abokansa, ki riƙa tambaya ɗaya-ɗaya: wannan ɗan gidan wa ne? Duk wanda ba a san gidansu ba a cire shi. Makirfo kuma a kashe, sai in da waɗanda ya sani ido da ido yake wasa. Tun da wayarki ce, ki duba WhatsApp ko akwai baƙuwar lamba. Sannan ki yi masa alkawari, ki kuma cika, cewa duk ranar da wani ya nemi hotonsa ko ya ce ya ɓoye miki wani abu, in ya faɗa miki ba duka, ba zagi.

Tambaya, daga wani direba a Asawase: Malam, 'yata mai shekara 9 Roblox take bugawa a tsohuwar wayata. Ni kullum ina kan hanya. Akwai yadda zan sa ido daga nesa?

Amsa: Akwai, Yaya. Ka sauke manhajar Family Link ta Google a wayarka, kyauta ne. Ka buɗe wa yarinyar nata asusun, ka cire naka daga tsohuwar wayar. Daga nan ba manhajar da za ta sauka sai ka amince, kana iya yanke mata awannin wasa, wayar kuma ta kulle kanta lokacin barci, ko kana Tamale. Masu iPhone su nemi Screen Time.

Shi ma Roblox, tun watan Nuwamban 2024 ya hana 'yan ƙasa da shekara 13 aika saƙon kai tsaye a wajen wasa, ya kuma ba iyaye damar haɗa asusunsu da na yaro su ga jerin abokansa daga tasu wayar. Sai dai shekarar haihuwar da aka rubuta tana da muhimmanci a nan. Yawancin wayoyin yara da ake kawo mini, shekarar babba ce a ciki, ko yayansu ne ya buɗe musu, ko su da kansu suka ƙara. Wannan za ka fara dubawa. Kuma ka sani Family Link ba zai nuna maka abin da ake faɗa mata a cikin gem ba. Wannan aikin mahaifiyarta ne, ko kai ranar da ka sauka.

Tambaya, daga wata mai sayar da waakye a Sawaba: Sidi 150 sun fita daga MoMo ɗina, wato asusun kuɗina na waya. Ɗana ya ce wani shafi ne ya ce zai ba shi daimon kyauta.

Amsa: Allah ya mayar da alheri, Inna. Shafin na 'yan damfara ne. Suna karɓar lamba, su turo buƙatar biya, duk wanda ya sa lambar sirri kuɗi sun tafi. Ma'ana yaron ya san lambar sirrinki. Suna kallon yatsunmu fiye da yadda muke zato. In layinki MTN ne, ki danna *170# ki canja ta yau, ki kai ƙorafi ofishin kamfanin layinki. In ya rubuta kalmar sirrin Facebook a shafin, ita ma a canja.

Tambaya, daga wani matashi da ya ce in ɓoye unguwarsa: Ƙanina shekararsa 14. Wata da suka haɗu a gem ta sa ya tura mata hoton tsiraicinsa. Yanzu an ce ya turo sidi 500 ko a watsa. Iyayenmu ba su sani ba. Ya daina cin abinci.

Amsa: Ƙanina, Allah ya yi maka albarka da ka tsaya masa. Kusan tabbas ba mace ba ce, 'yan damfara ne, kuma yara da yawa suke yi wa haka a lokaci guda. Kar ku biya ko kobo, wanda ya biya sau ɗaya za a dawo masa. Kar ku goge hirar. Ka ɗauki hoton saƙonnin barazanar, da sunan asusun, da lambar MoMo da suka bayar, amma shi hoton yaron kar ka tura wa kowa, ko ni. Bayan haka ku toshe su, ku daina amsawa.

Ka kira 292 ko ka tura saƙo, layin Hukumar Tsaron Intanet ta Gana ne, ko ku je DOVVSU, sashen 'yan sanda mai kula da cin zarafi a cikin gida. Dokar tsaron intanet ta 2020, wato doka mai lamba 1038, ta tanadi ɗaurin shekara 10 zuwa 25 ga mai irin wannan barazana. Akwai kuma shafin Take It Down, kyauta ne, yana taimakawa a hana hoton hawa Facebook da Instagram, kuma hoton ba ya barin wayarsa.

Daren yau kar ka bar shi shi kaɗai, yaran da aka yi wa haka wasu sun kai ga cutar da kansu. Ku kwana ɗaki ɗaya, ka saya masa ko koko da ƙosai ne ya sa a cikinsa, ka gaya masa zaluntarsa aka yi. Gobe da safe ka zaɓi wanda ya fi sanyin zuciya tsakanin Baba da Mama, kai ka fara yi masa bayani kafin a kira yaron.