Tambayi Likita: Birki ya ƙi kamawa bayan gyara, wa zai biya kuɗin asibiti?

Tambaya: Salam likita. Na kai motata gareji aka canza min fad ɗin birki aka zuba sabon mai, washegari ina gangara na taka birki sai ƙafata ta tafi har ƙasa ba abinda ya kama, na daki bayan wata mota. A ranar lafiyata ƙalau amma yau kwana biyu wuyana ya ƙage ko waiwaye bana iyawa. Mai garejin yace zai gyara motar amma maganar asibiti ba ruwansa tunda da ƙafata na fito. Dan Allah wa ya kamata ya biya?

Amsa: Wa'alaikumus salam malam, Allah ya kiyaye gaba. Bari mu fara da wuyan tukunna. Lokacin da mota ta tsaya dum ɗin nan, bel ya riƙe ƙirjinka amma kanka babu mai riƙe shi, sai ya wurga gaba ya dawo baya cikin ƙiftawar ido, naman wuya da jijiyoyin da suka ɗaure ƙasusuwan su miƙe fiye da ƙima. Sau da yawa ciwon ba ya fitowa nan take saboda jiki yana cikin firgici, sai bayan awowi ko kwana ɗaya zuwa biyu kumburi ya taso, don haka maganar "da ƙafarka ka fito" ba hujja bace ko kaɗan. Yawanci yana lafawa cikin makonni da maganin ciwo da motsa wuyan a hankali, kar ka kwanta ka sandare, kar kuma ka bari wani ya murɗe maka wuya da sunan gyaran targaɗe. Amma in kaji hannu ko ƙafa na mutuwa ko yatsu suna maka tsir-tsir, ko ciwon kai yana ƙaruwa da amai ko gani biyu-biyu, wannan asibiti ne yanzu yanzu, a duba laka da ƙwaƙwalwa.

Toh maganar biya, ni dai likita ne, lauya shi zai faɗa maka yadda dokar ƙasarku take. Abinda aka saba shine wanda yayi aikin sakaci ya jawo ɓarna ana iya bin sa duka ɓarnar, motarka da motar da ka daka da jinyar jikinka, matsalar kawai sai ka nuna cewa aikinsa ne sila. Anan ne mutane ke cutar kansu. Mutum sai ya zauna a gida sati uku yana shafa man zafi, sannan yazo yace likita rubuta min rahoto, me zan rubuta? Ni abinda idona ya gani ranar da na ganka kawai zan iya sa hannu a kai. Kaje yau a buɗe maka fayil, ka faɗi rana da lokacin hatsarin a rubuta, ka ajiye rasit ɗin kowane hoto da magani, harda rasit ɗin garejin. Kuma kar ka yi saurin mayar masa da motar ya kwance, ka samu wani bakanike daban ya fara dubawa ya rubuta abinda ya tarar, ko iska aka bari a layin mai ko ƙusa ce ba a ɗaure ba, a ɗau hoto. In kana da inshora ka sanar dasu da wuri.

Tambaya: Likita mun yi hatsari jiya birki ya tsinke mana, matata tana da shatin bel baƙi kwance a cikinta, yau tana cewa kafaɗarta ta hagu na ciwo kuma jiri take ji in ta miƙe. Paracetamol ya isa?

Amsa: Bai isa ba, ka ajiye wayar nan ka kaita asibiti. Ciwon kafaɗar hagu bayan bugu a ciki yana iya zama alamar saifa ta fashe jini na taruwa a ciki, kuma saifa takan yi shiru na kwanaki kafin ta ɓalle. Kar a bata abinci ko ibuprofen da aspirin, ayi sikanin. In tana da juna biyu ka faɗa tun daga bakin ƙofa.

Tambaya: Ni bakanike ne shekara 12 ina aikin birki. Wani lokacin da baki nake zuƙo man birki a tiyo in tofar, kuma da iska nake hure ƙurar birkin. Akwai illa?

Amsa: Akwai sosai maigida, ka daina duka biyun. Man birki irin DOT 3 da DOT 4 sinadarin gilaikol ne a ciki, in ya shiga ciki hanta ce ke juya shi ya zama guba mai kashe ƙoda, da farko mutum kamar ya bugu ne kawai, bayan kwana ɗaya zuwa uku fitsari ya ɗauke, wasu har sai an kai ga wankin ƙoda. Sirinji babba zai maka aikin da bakinka keyi. Kuma dan Allah kar ka zuba shi a robar abin sha ka ajiye, yaran shago da ƙananan yara haka suke kurɓa. Wanda ya sha kar a sa shi amai, a tafi asibiti da robar man a hannu don akwai maganin da ke tare gubar in anzo da wuri. In a ido ya fantsama, ruwa mai tsafta a kwarara minti 15 zuwa 20.

Ƙurar kuma, wasu fad ɗin birki musamman tsofaffi akwai asbestos a jikinsu, wani ma'adini mai siraran zare, kuma da ido ba zaka gane ba. Zarensa yana maƙalewa a huhu, cutar sai bayan shekara 20 zuwa 40 take bayyana, harda kansar huhu, in kana shan sigari haɗarin ya ninka. Ka jiƙa wurin ka goge da ɗanyen tsumma, ka sa takunkumi mai matatar iska irin P100, don N95 bai isa ya tare asbestos ba, kayan aikin kuma ka cire su a gareji kar ka kai wa iyali ƙurar gida.