Alhaji, Dakata da Tura Kuɗin Jirgin Nan Tukuna

Wani bawan Allah daga cikin garin Sakkwato ya rubuto mini. Sana'arsa albasa ce, yana saye a Gada da Goronyo da Wurno, ya ajiye a rudu, ya kai kudu idan ta yi daraja. Ɗan yayarsa da ke zaune a jihar Fulorida ta Amurka ya turo masa bidiyon wani tsohon jirgin ruwa na kamun kifi a tsakiyar teku, ƙirar Hatteras mai tsawon ƙafa 46, na shekarar 1978, a kan dala 65,000. Yaron ya ce a kawo shi Legas a riƙa ba masu kuɗi haya, cikin shekara biyu uwar kuɗi ta dawo. Ya ce shi ya duba jirgin da idonsa, ba sai an ɓata kuɗi wajen ɗauko mai dubawa ba, a turo kuɗin ta asusunsa kawai. Tambayar Alhaji ita ce: farashin ya yi, ko a nemi ragi?

Alhaji, Allah ya ƙara girma. Ba farashin ne ya dame ni ba. Abin da ya dame ni yana cikin wasiƙarka, kuma ka wuce shi kamar ba komai ba ne. Mutum ɗaya ne ya samo jirgin, shi ya duba, shi zai karɓi kuɗin, kuma na tabbata shi ke sa ran kula da shi idan ya iso. Kai kuwa rabonka a cinikin nan biya ne kaɗai. Wannan shi ne cinikin biri a sama, kuma kunyar ɗan yayarka ce ta sa ka yarda da shi.

Ban ce yaron nan maci amana ne ba. Mai yiwuwa tsakani da Allah yake so ka samu. Amma me ya sani game da jirgin da ya doshi shekara hamsin a ruwan gishiri? Ya shiga ya ga kujeru masu kyau, an tayar masa da inji ya ji ƙara, sai ya ce lafiya lau. Kai da kanka, buhun albasa ɗaya ba ka biyan kuɗinsa sai an zazzage ka ga ta ƙasa, don ka san ruɓa daga ciki take farawa. To jirgin nan ma haka yake.

Sunan da ya ruɗe shi ba na banza ba ne. Kamfanin Hatteras ya fara a 1959 a jihar Karolina ta Arewa, yana cikin na farko da suka ƙera manyan jiragen kamun kifi da fiba (roba mai tauri da aka ƙarfafa da zaren gilashi) maimakon katako, kuma jikin jiragensu na wancan zamani kauri gare shi, shi ya sa har yau ake nemansu. Sai dai gangar jikin ba ita ke cin kuɗi ba. A daben sama da rufin irin waɗannan jirage akwai wani katako marar nauyi da aka cusa tsakanin fiba biyu. Ruwa ya samu ɗan ramin kusa ya shiga, sai katakon ya ruɓe a ɓoye, fenti kuma yana ta ƙyalli a waje. A ƙasan jirgin, inda ke nutse kullum, fibar kan yi ƙuraje masu ruwa a ciki, kuma babu mai ganinsu sai an ɗaga jirgin an fitar da shi tudu. Bidiyon da ke wayarka a kan ruwa aka ɗauke shi.

Sai injuna. Jiragen wannan zamani galibi Detroit Diesel guda biyu ke cikinsu, kowanne silinda takwas. Injuna ne masu juriya, amma idan lokacin sauke su a yi musu garambawul ya yi, kuɗin zai iya kusan kamo abin da aka sayi jirgin. Ka tambayi kanka dalilin da ya sa Ba'amurken da ke da bakanike a bakin ƙofarsa, da kayan gyara a garinsu, zai rabu da jirgi a wannan farashi. Sau da yawa ya yi lissafin gyaran da ke tafe ne, ya ga gara wani ya ɗauka. Akwai kuma abin da yaron ba zai lura da shi ba: da yawa daga cikin jiragen Hatteras na waɗannan shekaru wutar batirinsu bolt 32 ce, ba 12 ko 24 da aka saba ba. Fanfo ɗaya ya mutu a Legas, sai an yi oda daga waje. Na'urar sanyaya ɗaki da firij ɗinsa ma an yi su ne don wutar Amurka, wadda ta bambanta da tamu.

A can ƙasar, ko wanda ya tsufa cikin harkar jirgi ba ya saye sai ya ɗauko safiyon jirgi, wato ƙwararren mai duba lafiyar jirgi, wanda shi mai saye ya zaɓa kuma shi ya biya. A ɗaga jirgin, a bi jikinsa da guduma da na'urar auna danshi, a kira bakaniken Detroit daban ya duba injuna, a kai samfurin baƙin mai ɗakin gwaji, sannan a fita teku a taka jirgin iya gudunsa a ga ko zai yi zafi ko hayaƙi. Duka wannan, a ƙiyasina, dala 3,000 zuwa 4,000 ne. Shi ne kuɗin da aka ce maka ɓarna ne. Za ka tura 65,000 a makance don ka tsira da 4,000.

Batun tura kuɗi ta asusunsa kuwa, kada ka kuskura. Yadda ake yi can shi ne a sa hannu a yarjejeniya, a ajiye kafin alƙalami, galibi kashi 10 cikin 100, a asusun amana na dillali, da sharaɗin idan rahoton dubawa bai gamsar ba a maido maka da kuɗinka. A duba lambar da ke jikin jirgin ta baya a ga ta yi daidai da takarda. Idan yana da rajista da hukumar tsaron gaɓar teku ta Amurka, a nemo tarihin mallakarsa, don nan ake ganin ko akwai bashin banki a kansa. Kuma sunanka ko na kamfaninka ne zai hau takardar saye. Ka kuma tambayi yaron, cikin raha amma ka jira amsa, ko akwai la'adar da aka yi masa alkawari. La'ada ba haramun ba ce, ɓoye ta ne ke ɓata ciniki.

Na taɓa zama da wani dattijo da ƙaninsa ya sayo masa kan tirela daga Turai a irin wannan tsari. Motar ta iso, ba ta yi wata guda tana aiki ba inji ya buga. Da aka buɗe takardu, sunan ƙanin ne a kai. Dattijon bai iya kai ƙara ba, don uwa ɗaya uba ɗaya suke. Bai iya yafewa ba, don jarinsa ne na shekaru. Har ya bar duniya ba su ƙara cin tuwo a kwano ɗaya ba, 'ya'yansu ma sun gaji gabar. Abin da nake jiye maka ke nan, domin ranar da jirgin nan ya zama kwantai, ba ɗan yayarka kaɗai za ka daina gaisawa da shi ba, har da ita yayar taka.

Maganar uwar kuɗi ta dawo a shekara biyu kuma, na gaji da jin ta. Jirgi mai faɗin sama da ƙafa 14 ba ya shiga kwantena mai faɗin ƙafa 8, dakonsa na musamman ne, kuma tsada gare shi. Ga kwastan a tashar jiragen ruwa ta Apapa ko Tin Can, ga kuɗin jinkiri idan takarda ta maƙale, ga rajista da hukumar kula da sufurin teku (NIMASA) ko ta hanyoyin ruwa na cikin gida (NIWA) gwargwadon inda zai yi aiki, ga inshora, wadda su ma ba za su ba ka ba sai sun ga rahoton safiyo. Ga hayar wurin ɗaure shi, ga albashin matuƙi da yaransa ko an fita ko ba a fita ba. Idan yana gudu, injunan nan biyu suna shan gas sama da lita 100 a awa ɗaya. Masu jirage kan ce ka ware kashi 10 cikin 100 na darajar jirgi duk shekara don kula da shi, kuma a tsohon jirgi irin wannan lissafin ya yi kaɗan. Sannan su waye masu hayar? Yawancin masu ɗaukar jirgi a Legas shaƙatawa suke zuwa bakin teku na Tarkwa Bay ko Ilashe, jirgi mai sauƙin mai ya ishe su. Masu fita can tsakiyar teku neman manyan kifaye 'yan kaɗan ne, da yawansu kuma suna da nasu. Kai kana Sakkwato, kusan kilomita 1,000 daga wurin. Wa zai gaya maka sau nawa jirgin ya fita a mako?

Ga abin da za ka yi cikin makon nan. Ka kira yaron ka gode masa, ka ce ka amince a duba jirgin, amma kai za ka zaɓi safiyo, kai za ka biya shi kai tsaye, kuma wurinka rahoton zai fara zuwa. Idan ya ce to, ka biya masa wahalarsa a fili, a rubuce. Idan ya fara cewa akwai wani mai saye da zai riga ku, ko ya ce Kawu ba ka yarda da ni ba ne, ka bar maganar a nan. Kafin rahoton ya iso ka je Legas da ƙafarka, ka zauna da matuƙan da ke wannan aiki, ka tambaye su kwana nawa suka fita a daminar bara da nawa suka kashe. Kuɗin sayen albasar bana kuwa kada ko kwabo ya fita daga cikinsu. Idan rahoton ya zo, turo mini mu karanta tare.