Kun Tambaya, Mun Amsa: Yadda Ake Haɗa Kundin Tubalan Labaran Ɗori

Wasiƙun wannan wata daga Sakkwato suka fito, kuma duk sun taru a kan labaran ɗori, wato labaran da masu sha'awar wani fim ko littafi kan rubuta da kansu, su ari taurarinsa su ɗora musu sabon labari.

TAMBAYA: Assalamu alaikum malamai. Mu shida ne, ɗalibai, munka haɗu muna karanta labaran da ake ɗorawa bisa finafinan Hausa masu dogon zango. Mun lura abu guda ka ta dawowa: auren dole, miskilin mai kuɗi, musanyar jarirai. Muna son mu tara su wuri guda cikin tsari. Ta ina za mu faro?
Ɗaliba, Mabera

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yar uwa. Abin da kuke gani yana dawowa shi za mu kira tubali, kuma kada ku haɗa shi da jigo. Jigo shi ne saƙon labari gaba ɗaya, kamar haƙuri ko illar kishi. Tubali kuwa ƙaramin yanki ne da marubuci ke ɗauka ya yi gini da shi, mai karatu kuma yana ganinsa ya san inda aka dosa. Labari guda kan iya samun jigo ɗaya da tubali ashirin.

Aikin da kuke son yi yana da magabata. Daga 1932 zuwa 1936 wani Ba'amurke, Stith Thompson, ya fitar da kundin tubalan tatsuniyoyin duniya a juzu'i shida, ya ba kowane tubali harafi da lamba. Harafin K na yaudara ne, inda rabin halin Gizo zai sami masauki, S31 kuma muguwar kishiyar uwa ce. A kundin nau'o'in tatsuniya da Antti Aarne ya fara a 1910, wanda Hans-Jörg Uther ya sabunta a 2004, lamba 480 ita ce ta yarinyar kirki da marar kirki, wadda mu muka sani da 'yar bora da 'yar mowa. Darasin da za ku ɗauka daga gare su shi ne sun fara karanta labarai ne kafin su yanka suna. Kada ku zauna ku jero tubala hamsin da ka, sannan ku bi labarai kuna neman inda za ku cusa su.

Ku zaɓi fim guda ko biyu, ku tara labaran ɗori talatin da aka kammala, kuma kada marubuci ɗaya ya wuce uku a ciki, in ba haka ba za ku wayi gari kuna rajistar ɗabi'ar mutum guda kuna zaton al'adar marubuta ce. Ku buɗe jadawali a Excel ko Google Sheets. In wuta da data na ba ku wahala, babban littafin rajista ya isa, ku riƙa kwafewa a kwamfuta duk ƙarshen mako. Shafin farko na labarai ne: lambar labari, sunansa, sunan alƙalamin marubuci, fim ɗin da aka ɗora a kai, inda kuka same shi, ranar da kuka karanta, da yawan babi. Shafi na biyu na tubala ne. Shafi na uku shi ke haɗa su, kowane layi ya ce tubali kaza ya fito a labari kaza, babi kaza, ta hanya kaza. Masu cakuɗa ukun a shafi guda sukan gane kurensu ran da suka so sauya sunan tubali, sai sun bi layi ɗari suna gyarawa da hannu.

Ga yadda tubali guda ya kamata ya kasance a shafi na biyu. Suna: Musanyar Jarirai. Ma'ana: an sauya jarirai biyu ranar haihuwa, kowane ya tashi a gidan da ba nasa ba, kuma tonuwar asirin ta sauya gado, aure ko matsayi. Abin da ba shi ba ne: ɗan tsintuwa, ko ɗan riƙo da aka ɓoye wa asalinsa, don a nan jariri ɗaya ne. A shafi na uku kuma sai a ga: labari na 14, babi na 9, unguwarzoma ta sauya su don kishiya ta biya ta, an gane ta tabon da ke kafaɗa. Wannan layin na "abin da ba shi ba ne" shi ne wanda kowa ke ƙyuyar rubutawa, shi ne kuma ke raba gardama in ta taso.

Kada tubali ya shiga kundi sai kun same shi a labarai uku na marubuta uku daban. Dokar misali uku ita ce TV Tropes, kundin tubalan labarai na intanet wanda aka fara a 2004, ke bi kafin ya karɓi sabon tubali. Suna da wata ƙa'idar da ta dace ku ara: zaman mutum a kujera ba tubali ba ne. Taurari su sha shayi, su hau mota, su gaisa, duk wannan rayuwa ce kawai. Amma in amarya ta zuba gishiri a shayin ango don ta nuna ba ta son auren, kuma kun ga haka a wuri uku, to ya zama tubali, don yana yi wa labarin aiki.

Ku kuma rubuta yadda aka yi amfani da shi. Akwai kai tsaye. Akwai juyi, inda mace ce miskila mai kuɗi, namijin ne ɗan ƙauye. Akwai zolaya, inda marubuciya ta shimfiɗa duk alamun musanya, sai gwajin jini ya nuna ba a sauya kowa ba. Akwai kuma ba'a. Wanda bai raba waɗannan ba, zai ƙirga labarin da ke yi wa tubali dariya a cikin masu bin sa.

Kafin ku raba aikin, ku shida ɗin ku karanta labarai biyar iri ɗaya, kowa ya yi alamarsa ba tare da ya leƙa na wani ba, sannan ku gwama. Duk inda kuka saɓa, ku koma ga ma'anar da kuka rubuta, yawanci a can ɓarakar take.

TAMBAYA: Malamai, wanga abu ba na Turawa ba ne? Mi ya haɗa Bahaushe da ɗori bisa aikin wani?
Malamin makaranta, Gawon Nama

AMSA: Malam, sunan ne baƙo. Kai da ke Sakkwato ka san tahamisi: sha'iri ya ɗauki baitin wani mai ɗango biyu, ya ƙara masa ɗango uku ya zama biyar, ya kiyaye kari da amsa-amo, kuma kowa ya san waƙar asali ta wane ce. Ba muna daidaita darajar waƙoƙin malamai da labaran waya ba, dabarar ginin kawai muke nunawa. Gizo da Ƙoƙi ma ba su da marubuci guda, kowace kaka da irin nata ƙarin. Kuma tattarawa ba sabon abu ba ne a garinku: da yawa daga cikin rubuce-rubucen da Frank Edgar ya buga a juzu'i uku na tatsuniyoyin Hausa tsakanin 1911 da 1913, daga hannun Razdan Burdon na Sakkwato ya karɓe su, malaman ƙasar ne suka rubuta su da ajami.

TAMBAYA: Mun fara namu kundin wata huɗu da sunka wuce, yanzu sunaye sun yi muna yawa. Wani ya sa "auren dole", wani "auren tilas", wani "auren haɗi". In munka nemi abu ba ya fitowa duka.
Mai karatu, Runjin Sambo

AMSA: Ɗan uwa, wannan ciwo ne da kowane kundi ke yi, kuma maganinsa sananne ne. Archive of Our Own, taskar labaran ɗori ta intanet wadda aka buɗe wa jama'a a 2009, ta bar marubuta su liƙa wa labarinsu lakabin da suka ga dama, amma tana da 'yan sa-kai da aikinsu kawai shi ne ɗaure lakabobi masu ma'ana ɗaya a ƙarƙashin suna guda. Ku yi haka. Ku zaɓi suna ɗaya ya zama uwa, sauran ku jera su a gefensa a matsayin inkiya, kada ku goge su, don da su mutane za su zo nema. Mutum ɗaya kaɗai za a ba ikon ƙara sabon suna, sauran su kawo shawara.

Amma ku duba da kyau kafin ku haɗe. Auren dole da auren tilas abu guda ne. Auren haɗi daban yake, don iyaye kan haɗa kuma yaran su amince. Auren yarjejeniya, inda su biyun suka shirya zaman wata shida don wata buƙata, shi ma gidansa daban.

Sauran matsalar ta rubutu ce. Kwamfuta ba ta san "ɗiya" da "diya" kalma guda kuke nufi ba, kuma a Hausa ma ba guda ba ce, ta biyun kuɗin da ake biya ne a madadin rai ko asara. Ku tsayar da doka: sunan uwa a rubuta shi da daidaitacciyar Hausa da haruffa masu lanƙwasa, siffar Sakkwatanci da wadda ba ta da lanƙwasa su shiga layin inkiya. Ku ba kowane tubali lamba da ba ta sauyawa, kamar T001, ku riƙa amfani da ita a shafin haɗi. Suna na iya sauyawa sau goma, lambar na nan.

TAMBAYA: Akwai tubalan da sai a labarin ɗori kaɗai ake samun su?
Marubuciya, Arkilla

AMSA: Akwai, Malama, kuma su ya kamata a ware wa babi na musamman, don sun dogara ne da labarin asali. Gyaran ƙarshe: tauraron da aka kashe a fim, marubuciya ta raya shi. Cike giɓi: abin da ya faru tsakanin fitowa biyu da fim bai nuna ba. Sauya duniya: a ɗauke taurarin daga gidan attajiri a mai da su ɗaliban jami'a ko 'yan kasuwar kara, halinsu na nan. Gamayya: taurarin finafinai biyu su haɗu a labari guda. Sai shigar marubuci cikin labarin da kansa, wanda ya haifi shahararren tubalin nan Mary Sue, sunan da Paula Smith ta ƙirƙira a 1973 don yi wa wasu labaran ɗorin shirin talabijin na Star Trek ba'a: baƙuwar yarinya da ta fi kowa kyau da basira, kowa na son ta, ba ta kuskure. A ganinmu wannan suna ya zama sandar dukan duk tauraruwa mai ƙwazo, don haka in za ku sa shi, ma'anarsa ta tsaya a kan cewa labarin na karya dokokinsa don ita.

Ku ƙara layi guda da ke raba abin da fim ya faɗa da abin da masoya suka ƙaga har ya zama kamar gaskiya. In marubuta goma sun ce tauraron maraya ne, ku koma ku kalli fim ɗin ku tabbatar.

TAMBAYA: Labaran WhatsApp na ɓacewa, wasu kuma na kuɗi ne. Za mu iya kwafe su cikin kundi?
Ɗalibi, Dundaye

AMSA: A'a. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 ba ta kare tsurar dabara, don haka ba mai cewa musanyar jarirai tasa ce, amma tana kare kalmomin da marubuci ya tsara. Ku taƙaita abin da ya faru da bakinku cikin layi biyu, ku sa lambar babi. Sunan alƙalami kawai za ku rubuta, ban da lambar waya ko sunan gaskiya, don da yawa daga cikin marubutan nan ko gidansu ba a san suna rubutu ba. In labari ya ɓace, kada ku cire layinsa, ku rubuta "ba ya samuwa" da ranar da kuka duba. In kuma bidiyon TikTok ne ko labarin da aka karanta da murya, minti da daƙiƙa za ku sa a madadin babi, kamar 03:40, tare da tsawon bidiyon gaba ɗaya, don masu sake ɗorawa kan yanke farkonsa.