Tambaya da Amsa: Wane Firiyam Ya Dace da Mai Ɗora Murya?

Wasiƙun wannan makon sun fi yawa daga masu tallan rediyo, masu karanta littattafai a YouTube da masu fassara fina-finai, kuma kusan duk a kan firiyam suke. Shi ne sashen da ke karɓar 'yar wutar da makirufo ke fitarwa, wadda ba ta wuce 'yan milibolt ba (milibolt dubu ne bolt ɗaya), ya ɗaga ta zuwa wajen bolt ɗaya kafin kwamfuta ta ɗauka. Duk saunkad (akwatin da ke haɗa makirufo da kwamfuta) mai ramin XLR, wato ramin makirufo mai ƙafa uku, yana da nasa a ciki, akwai kuma wanda ake saye daban.

Assalamu alaikum. Na sayi Shure SM7B na haɗa da Focusrite Scarlett Solo, fitowa ta uku. Sai na murɗa gen, wato maɓallin ƙara ƙarfin sigina, har ƙarshe muryata ke fitowa, kuma huci na biye da ita. Makirufon ne ya lalace ko saunkad ɗin? — Mai karatu daga Kano

Wa'alaikumus salam, Malam. Da alama babu wanda ya lalace a cikinsu. SM7B makirufo ne na dainamik, wato mai naɗin waya da maganaɗisu a ciki, wanda ba ya buƙatar wuta, kuma yana cikin masu rowar sigina: milibolt 1.12 yake bayarwa a ƙarar da ta kai desibel 94. A daidai wannan ƙarar, Neumann TLM 103 yana ba da milibolt 23, Sennheiser MKH 416 kuma 25. Tazarar ta kai desibel 26 zuwa 27, kuma firiyam ne zai cike ta. Kamfanin Shure da kansa ya ce a nema masa firiyam mai gen da ya kai desibel 60. Naka a 56 ya tsaya, shi ya sa kake kai shi bango.

Kafin ka fitar da ko sisi, ka gano daga ina hucin yake, domin wuri biyu yake fitowa, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne. Ka sami kan XLR namiji da resista mai om 150, ka kai wa mai gyaran rediyo ya yi maka sodar ta tsakanin ƙafa ta 2 da ta 3. Ka saita gen inda kake aiki, ka ɗauki daƙiƙa 10 da makirufo a haɗe kana shiru. Sannan ka cire makirufon, ka soka wannan kan a madadinsa, kada ka taɓa gen, ka sake ɗaukar daƙiƙa 10. Na biyun shi ne hayaniyar firiyam zalla. Idan na farko ya ɗara shi da desibel 6 ko fiye, ɗakinka ne ke magana: fanka, firji, iskar kwamfuta, titi. Idan kusan ɗaya suke, to firiyam ɗin kake ji. Kada ka yi gwajin da ramin a buɗe babu komai a ciki, domin firiyam ya fi huci a haka, sai ka ɗora masa laifin da ba nasa ba.

Abu na biyu, ka matso. Duk lokacin da ka rage tazarar bakinka da makirufo da rabi, ka samu ƙarin wajen desibel 6 kyauta. An yi SM7B ne don a yi magana a kusa da shi, santimita 5 zuwa 10, a ɗan karkace don kada iskar "b" da "f" ta doke shi. Mai zama nesa da kamu biyu yana neman firiyam ya yi masa abin da ba zai iya ba. Kusancin zai ƙara wa murya kauri. Idan ya yi yawa, akwai ɗan makunnin rage ƙasa a bayan makirufon.

Na uku, idan kana ɗauka a bit 24 (saitin ingancin ɗauka a manhaja), ba dole ba ne murya ta cika mitar da ke nuna ƙarfin sauti. Ko da ƙololuwarta ta tsaya a -18 (0 ne ƙarshen mitar), ka ƙara desibel 10 a cikin manhaja. Hucin da zai taso tare da ita daidai yake da wanda da ma yana nan, ba ƙari aka yi ba.

Idan duk wannan bai isa ba, hanya biyu ce. Ko ka sa ƙaramar na'urar ƙari a tsakanin makirufo da saunkad, irin Cloudlifter CL-1 mai ba da har desibel 25, ko Triton FetHead mai 27, ko sE DM1 mai 28. Dukkansu da wutar fantom ta 48V, wadda saunkad ke turowa ta wayar XLR, suke aiki, kuma ba sa barin ta ta wuce zuwa makirufo, don haka ba sa tafiya da makirufon kondensa, irin mai buƙatar wannan wutar. Ko kuma ka canza saunkad: Scarlett 2i2 fitowa ta huɗu, ta 2023, tana da desibel 69, SSL 2 na farko 62, MOTU M2 kuma 60. Ka lura, Solo fitowa ta huɗu 57 ce kawai, kada sunan fitowar ya ruɗe ka. Mu dai mun fi son saunkad mai wadataccen gen a kan ƙara wani akwati da wata waya a hanya. Kuma ka sani, na'urar ƙari tana ɗaga kukan fanka daidai yadda take ɗaga muryarka. Idan gwajin resista ya nuna ɗaki ne, sayenta asarar kuɗi ce.

A ƙarshe, jabun SM7B sun yi yawa a kasuwa. Idan farashin da ka saya ya yi ƙasa ƙwarai da na dillalan kamfanin, ka gwada shi gefe da gefe da na wani situdiyo da ka yarda da shi.

Ina da TLM 103 da saunkad Audient iD14. An ce in sayi firiyam na daban irin Neve 1073 don muryata ta yi nauyi irin ta manyan gidajen rediyo. Ya dace? — Mai karatu daga Kaduna

Malam, kayan da ke hannunka sun isa aikin da za a biya ka kuɗi mai kyau. TLM 103 ba ya buƙatar gen mai yawa, desibel 30 zuwa 40 sun ishe shi, kuma a wannan matakin hayaniyar firiyam ba ta kai a yi maganarta ba. Hayaniyar makirufon kansa desibel 7 ce, wadda ɗakinka zai rufe ta nesa ba kusa ba.

Firiyam na daban kashi biyu ne. Akwai masu tsabta, waɗanda ba sa ƙara komai, irin Grace Design m101 mai gen har desibel 75. Akwai masu launi, waɗanda taransifoma ko bawul (kwan lantarki irin na tsohon rediyo) da ke cikinsu ke ƙara wa murya ɗan kauri da santsi: Neve 1073 da aka fara yi a 1970 da masu kwaikwayonsa irin Warm Audio WA73 da Golden Age Pre-73, ko Avalon VT-737sp mai bawul. Focusrite ISA One yana tsakani. Yana da taransifoma, gen har 80, da zaɓin impidans (turjiyar da firiyam ke yi wa siginar makirufo) huɗu, om 600 zuwa 6,800, wanda ya fi tasiri a kan dainamik da ribon (makirufo mai siririn ƙarfe a ciki) fiye da kondensa irin naka.

Launin gaskiya ne, amma ƙanƙani ne idan aka gwada da bambancin da ɗaki, makirufo da tazarar baki ke kawowa. Kuma kamar gishiri yake a miya: in ya shiga ba ya fita. Mai ba ka aikin talla ko fim yakan so murya tsantsa don injiniyansa ya yi mata abin da yake so. Nauyin da kake ji a rediyo kuwa, mafi yawansa daga kusancin baki da makirufo yake, da kwamfuresa (mai daidaita hawa da saukar ƙarfin murya), da na'urar sarrafa sauti da tashar ke bi da shirye-shiryenta kafin su hau iska. Firiyam shi kaɗai ba zai ba ka shi ba. Idan kuɗin na hannu, ka fara da bango: katifu masu kauri ko ulun duwatsu na santimita 10 a bayanka da gefunanka. Soso mai siffar kwalin ƙwai saman murya kawai yake sha, ya bar ruri a ƙasa.

Inda muke ganin akwati na daban ya biya kuɗinsa shi ne aikin kai tsaye, inda babu damar gyara daga baya. A nan dbx 286s yana da amfani, domin ya haɗa firiyam, kwamfuresa, mai rage kaifin "s" da ƙofar rufe hayaniya a akwati ɗaya. Amma a bi ƙofar a hankali: in aka matsa ta, takan cinye ƙarshen kalmomi, kuma ba a dawo da su.

Idan ka saya, ga yadda ake haɗawa. Makirufo zuwa firiyam da XLR. Firiyam zuwa saunkad da waya mai kan TRS, mai zobe biyu, a ramin layi. Kada ka shiga da XLR a ramin makirufo, domin za a ɗaga siginar sau biyu ta fashe. A kashe maɓallin INST (na kayan kiɗa) idan akwai, a kashe 48V na saunkad, a kunna na firiyam, a sauke gen ɗin saunkad ƙasa. Sannan ka duba bayan akwatin kafin ka soka shi a bango: wanda aka yi wa kasuwar Amurka na bolt 120 ne, wutarmu kuwa 220 zuwa 230 ce. Wasu suna da makunnin canzawa, wasu sai da taransifomar rage wuta.

Da zarar an tada janareta ko na sa cajar laftof, sai gurnani ya shiga abin da nake ɗauka. Sabon firiyam zai magance? — Mai karatu daga Damagaram

A'a, Malama, kuma na daban mai shan wutar bango yana iya ƙara shi, domin ya buɗe wa wutar wata hanyar zagayawa. Wutar Nijar da Najeriya tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, don haka ki buɗe ma'aunin mitar sauti a manhajar Audacity ko Reaper ki duba. Idan kin ga tsini a hatiz 50, 100 da 150, daga wuta ne. Idan kuwa ƙara ce siririya da ke canzawa in kin motsa linzamin kwamfuta, ta USB take shigowa.

Ki bi su ɗaya bayan ɗaya. Cire caja, ki ɗauka da batir. Idan ya ɗauke, kin kama ɓarawon, kuma mafi sauƙin magani shi ne ki riƙa cika batir kafin aiki. Ki haɗa duk kayan sauti a soket ɗaya. Ki tabbatar wayar makirufo XLR ce a kai biyun, ƙafafu uku duk a haɗe. Waya mai XLR a kai ɗaya da ƙaramin jak a ɗayan ba ta da kariya. Ki nisanta makirufo da wayarsa daga sitabilaiza, inbata da caja da aƙalla mita ɗaya, domin taransifomarsu na watsa maganaɗisu, kuma naɗin wayar da ke cikin dainamik yana kwasarsa. Inda dole wayar sauti ta haɗu da ta wuta, su gicciye juna, kada su jeru. Inbata mai arha, wadda wutarta ba ta fita sumul, takan sa zizar da matatar sauti ba ta cirewa. Mai tsabtar wuta ake nema wa situdiyo.

Matatar yanke ƙasa a hatiz 80 za ta rage gurnanin 50 ba tare da ta taɓa muryar mace ba, amma ba za ta kai ga 100 da 150 ba. Idan za ki sayi abin raba wutar USB, ki duba ya iya gudun megabit 480. Masu arhar a 12 suke tsayawa, kuma saunkad da yawa ba sa tashi da su.

Abu ɗaya muke roƙo: kada a karya ƙafar ƙasa ta fulogi don a kashe gurnani. Ita ce ke tsakanin mutum da jan wuta, kuma makirufo ƙarfe ne a dab da baki.

Ina amfani da makirufo BM-800 da saunkad V8. Wane firiyam zan ƙara? — Mai karatu daga Kumasi

Babu, ɗan'uwa. V8 ƙananan ramukan jak gare shi, an yi shi don waƙa da hira a wayar hannu, kuma abin da ya riga ya ɓata, firiyam ba zai gyara ba. Ka tara kuɗin ka sayi saunkad mai XLR da 48V na gaske, ko da Behringer UMC202HD ne. Idan ɗakinka na da hayaniya, ka haɗa shi da dainamik irin Shure SM58, wanda ya fi SM7B sigina da kaɗan. Idan shiru ne, Audio-Technica AT2020 ko Rode NT1.

Wace lamba zan duba a takardar bayanin firiyam, kuma a ina zan tsayar da mita? Ina so in fara karanta littattafan sauti. — Mai karatu daga Jos

Lamba uku, Malama. Ta farko gen: desibel 60 ko fiye don dainamik, 50 ya wadatar don kondensa. Ta biyu EIN, wato hayaniyar firiyam kansa: -127 dBu zuwa -130 yana da kyau. Resista mai om 150 ita kanta tana da hayaniyar wajen -131, don haka babu firiyam da zai yi nisa da wannan, komai tsadarsa. Ki duba ko an sa harafin A a gefen lambar, domin awon A yana ƙawata ta da kusan desibel 2. A kwatanta lamba mai A da wata mai A kawai. Ta uku impidans na shiga: ya ninka na makirufo aƙalla sau 5, wato om 1,000 zuwa sama ga makirufo mai 150 ko 200.

Wajen saitawa, ki zaɓi bit 24, da kilohatiz 44.1 don littafi ko 48 don bidiyo. Ki sauke gen da sautin hedifon, ki soka makirufo, sannan ki kunna 48V ki jira 'yan daƙiƙu. In za ki cire, ki fara kashe 48V. Ki karanta wurin da ya fi ƙarfi a rubutun, inda ake faɗa ko kira, ki ɗaga gen har ƙololuwa ta tsaya tsakanin -12 da -6. Maganar yau da kullum za ta zauna wajen -20. Jan fitila ko sau ɗaya na nufin murya ta tsage, a rage a sake.

Dandalin ACX, mai kai littattafai Audible, kasuwar littattafan sauti, yana da ƙa'idar da ta dace a auna kai da ita ko ba can za a kai aikin ba: matsakaicin ƙarfi tsakanin -23 da -18, ƙololuwa kada ta wuce -3, hayaniyar ƙasa kada ta haura -60. Ana auna wannan -60 ɗin ne bayan an gama ɗaga murya. Idan za ki ƙara desibel 8 a gyara, to shirun da kika ɗauka tun farko sai ya kasance -68 ko ƙasa da haka, kuma kwamfuresa zai ƙara taso da shi. Ki ɗauki daƙiƙa 10 na shirun ɗaki a farkon kowane zama, ki auna shi kafin ki fara karatu.