Loda taswira a na'urar GPS: ina ya kamata ka sa jarinka?

Tambayar wannan makon daga wani matashi ce mai shagon gyaran waya da kwamfuta a cikin garin Sakkwato. Ya rubuto cewa: "Malam, sau uku ke nan ana kawo mini ƙaramar na'urar GPS ta kamfanin Garmin in sa mata taswirar daji mai nuna tudu da kwari. Biyu masu haƙa rijiyar burtsatse ne, ɗaya direban wata ƙungiyar agaji. Ban iya ba, na sallame su. Ina da naira dubu 800 a ajiye. In sayo na'urorin in riƙa sayarwa da taswira a ciki, ko yaya kake gani?"

Ƙanena, kada ka sayo su don sayarwa, aƙalla ba yanzu ba. Sake duba tambayarka: duk mutum ukun da na'urarsu a hannu suka zo. Ba wanda ya nemi ka sayar masa. Abin da suka rasa shi ne wanda ya iya aikin, kuma shi ne abin da za ka sayar.

Kayan nan da dala ake sayensu. Ƙaramar Garmin ƙirar eTrex 22x kusan dala 200 take a ƙasar waje, kafin kuɗin dako da na kwastan. Ka lissafa da canjin yau, za ka ga kuɗinka ba za su wuce na guda biyu ko uku ba. Kuma ba caja ba ce ko kwalin waya da ake ɗauka kullum. Tana iya wata shida cikin gilas tana shan ƙura, jarinka na kwance. Manyan ƙungiyoyi kuwa daga Abuja ko Legas ake turo musu nasu. Shawarata ka sayi ɗaya tak, ko ta hannu ce mai lafiya, ta zama ta koyo da gwaji. Ka haɗa da katin memori kamar goma masu kyau, da batir mai caji, sauran kuɗin su ci gaba da juyawa a sana'ar da ka riga ka sani. Wanda ya ce lallai sai ka samo masa sabuwa, ya ajiye kuɗinsa tukuna, ka yi oda, ka ɗora ladanka.

Aikin kansa ba shi da wuya ga mai gyaran waya. Na'urar ba ta buƙatar sabis ko data. Saƙo take karɓa daga taurarin ɗan'adam da ke shawagi a nisan kusan kilomita 20,200, in ta kama huɗu ta san inda take. Amma sanin inda take daban, zana maka hanya da gulbi da tsauni daban. Wannan aikin taswirar da ke cikinta ne, kuma wadda ake sayo ta da ita galibi ba ta san ƙauyukanmu ba. Akwai taswirar OpenStreetMap, wadda aka fara a Ingila a 2004, jama'a ke zana ta, kuma lasisinta ya yarda a yi kasuwanci da ita muddin an ambaci tushenta. Za ka sauko da ta Najeriya wadda aka shirya don Garmin, fayil ne mai ƙarewa da img. Ka goge katin memori a tsarin FAT32, kada ya wuce 32GB, ka buɗe folda mai suna Garmin, ka jefa fayil ɗin ciki. In tsohuwar na'ura ce, sai ka sa masa suna gmapsupp.img, in ba haka ba ba za ta gan shi ba. Ka mayar da katin ƙarƙashin batir, ka kunna, ka shiga saitin taswira ka zaɓe ta. A kati nake so ka riƙa lodawa, kada ka taɓa fayilolin cikin na'urar. In ka goge taswirar da mutum ya saya da kuɗinsa, ribar wata guda ba za ta biya ba.

Layukan tudu da kwari, waɗanda su ne abin da masu burtsatse ke nema, yawanci daga awon da kumbon Amurka ya yi ne a watan Fabrairun 2000, inda kowane ɗigo ke wakiltar fili mai faɗin kusan mita 30. Yana nuna gangaren da ya sauka fadamar Rima sarai, yana nuna tsaunukan da ke wajen Kalambaina da Dange. Ba zai nuna kwazazzabon da ruwan bara ya yanka ba. Ka faɗa wa kwastoma haka tun kafin ya biya.

Ga gwajin da nake so ka yi kafin ka karɓi ko sisi daga hannun kowa. Ka hau babur da na'urar a aljihun gaba, ka bi hanyar jami'ar Ɗanfodiyo har Kwalkwalawa. Ka tsaya kan gada, ka fito da ita. Ɗan kibiyar da ke allon ya kamata ya zauna daidai kan shuɗin layin gulbi, layukan tsayi kuma su buɗe, su yi nesa da juna, don fadama shimfiɗe take. In ka juyo kana hawowa gari za ka ga sun fara matsowa kusa da juna. Ranar da idonka ya iya karanta wannan, ka iya bayyana wa mai haƙa rijiya a minti biyar. Kuma kana tsaye a wurin ka tuna ambaliyar 2010 da ta yanke wannan hanya ta raba jami'a da gari. Ƙasa tana canzawa, fayil ba ya canza kansa. Nan ne cinikinka na biyu yake: sabunta taswira bayan kowace damina.

Akwai kuskure biyu da ke jawo rigima, ka kiyaye su. Tsofaffin taswirorin takarda na gwamnati da ma'aunin Minna aka zana su, wato tsohon tsarin lissafa lambobin wuri na Najeriya, na'urar kuma da tsarin duniya mai suna WGS84 take zuwa. In mutum ya kwafo lambobin wuri daga takarda bai sauya saiti ba, zai sauka gomman mitoci nesa da inda yake nufi, ga mai burtsatse kuwa wannan gonar wani ce. Na biyu, jiharmu ta rabu tsakanin shiyyar UTM biyu, wato tsarin da ya yanka taswirar duniya shiyya-shiyya, kowace da lambarta. Birnin Sakkwato da yammacinsa suna 31, amma Isa da Sabon Birni suna 32. Kullum ka tambayi mai kawo lambobi daga ina ya samo su.

To, maganar kuɗi. Kada ka yanka farashi kamar na tura waƙa a waya, don ba abu ɗaya ba ne. Ka raba shi uku: kuɗin kati da lodi, kuɗin koyarwa na awa ɗaya, da kuɗin sabuntawa. Koyarwar ce za ta fi kawo maka, domin direbobi da yawa an miƙa musu na'ura ba a nuna musu yadda ake ajiye alamar wuri ko bin sawun da aka zo a koma ba. Ƙungiyoyi suna biyan irin wannan, amma sai da rasit da sunan kasuwanci mai rajista da asusun banki na shago. In ba ka yi rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ba, ka cire kuɗinta daga cikin dubu 800 ɗin, ta fi na'ura ta biyu amfani. Kada kuma ka tsaya ga masu Garmin, su kaɗan ne. 'Yan kasuwar da ke shiga ƙauyuka sayen albasa da gero da dabbobi waya ce a hannunsu, kuma manhajoji irin su OsmAnd da Organic Maps suna ajiye taswira a waya ta yi aiki ba sabis. Duk wanda ya ga lokacin da aka rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar nan a Satumban 2021 ba sai ka yi masa dogon bayani ba.

Abin da wani shago ba zai iya kwafa daga gare ka ba shi ne sanin wurarenmu da hanyoyinmu. Taswirar intanet ba ta san mashigin da ake ƙetarawa da rani ba, ba ta san inda ake samun mai tsakanin Gwadabawa da Illela ba. Duk direban da ya dawo, ka roƙi izininsa ka kwafi sawun tafiyarsa, fayil ɗin GPX, ka adana a manhajar BaseCamp, wadda kyauta ce. Cikin shekara za ka tara abin da ya fi na kowa. Sai dai bayanan ƙungiya amana ne, kada ka ba wani sai da yardarsu a rubuce.

Abu uku kuma kada kwaɗayi ya kai ka. Taswirorin Garmin na sayarwa a kulle suke da lasisi, fasa su kana rabawa cin haƙƙi ne. Awon fili da iyakar gona aikin safiyo mai rajista ne, kuma na'urar hannu tana kuskuren 'yan mitoci, don haka kada ka sa hannu a takardar filin kowa.

Na ukun shi ya fi damuna. Kai ɗan Sakkwato ne, ka san halin rashin tsaron da gabashin jihar nan da yankin Tangaza da Gudu suke ciki. Na'ura za ta zana wa baƙo gajeriyar hanya ta cikin daji, ba ta san wa ke kwana a dajin ba. Ka gaya wa kowane kwastoma da bakinka cewa ya tambayi direbobin tasha da mutanen gari da jami'an tsaro kafin ya bi layin da ya gani a allo. Ka ajiye littafi a shago: sunan mai na'ura, katin shaidarsa, wurin aikinsa, lambar na'urar. Wanda ya ƙi a rubuta sunansa, ko yake neman hanyoyin daji ya kasa faɗin abin da zai kai shi, ka mayar masa da kayansa ko nawa ya ajiye a kan tebur.

Ka fara da kiran mutum ukun nan da ka sallama, in kana da lambobinsu. Ka yi wa na farko a rabin kuɗi, da sharaɗin in ya dawo daga daji ya zauna ya faɗa maka inda taswirar ta yi daidai da inda ta saɓa.