Kwana uku a Boston da yara: ina za a kai su?

'Yar'uwa, kin ce za ki je Boston ta Amurka da yara biyu, ɗan shekara 7 da 'yar shekara 11, kuma kina gudun kada tsofaffin gine-gine su gundure su.

Ki fara da Freedom Trail. Jan layi ne aka shimfiɗa a ƙasa, daga lambun Boston Common har Charlestown, kimanin kilomita 4, ya ratsa wuraren tarihi 16. Ki bar ƙaramin ya ja gaba. Nawa yaron haka ya yi, kai a sunkuye yana bin layin, wanda ya kauce kuwa sai ya ji tsawa. Sai dai kada ki ce lallai a gama a yini guda, nan iyaye ke kuskure. Ki raba shi biyu.

A Charlestown akwai USS Constitution, jirgin ruwan yaƙi na katako tun 1797. Shiga kyauta ne, amma ki riƙe fasfonki, ana tambayar manya shaida mai hoto. Ni dai wanda na fi so shi ne gidan tarihin Boston Tea Party, na tunawa da ganyen shayin da aka zubar a teku a 1773 don ƙin harajin Ingila. Yara da hannunsu suke jefa akwatunan cikin ruwa. Wannan na kuɗi ne, ki sayi tikiti da wuri.

Sanyin Disamba zuwa Fabrairu ba wasa. Idan akwai mai asma ko sikila cikinsu, don Allah ki ga likita kafin tafiya.