Sauke hannunka daga maɓallin ƙara

Ka tambaye ni me ya sa muryar mawaƙin ta nutse cikin jita, alhali ka ɗaga layinta har fitila ta yi ja. To ɗana, sauke hannunka tukuna, matsalar ba ta ƙara ba ce.

Abin da ke isa dodon kunne girgizar iska ce guda ɗaya. Ko layin sauti 24 ne a kan mikisa, na'urar haɗa sautuka, da sun fita sun dunƙule. Mai warware su yana cikin kan mai sauraro. Can cikin kunne akwai wani murɗaɗɗen bututu kamar katantanwa, shi ke jera sauti daga siriri zuwa mai kauri, tamkar maɓallan piyano. Da wannan jeri saƙon ke isa sashen ƙwaƙwalwa mai kula da ji, a gefen kai saitin kunnuwa, inda ake tantance me da me ke tafiya tare.

Sautukan da suka tashi tare suka tsaya tare, ƙwaƙwalwa ta ɗauka bakinsu ɗaya. Haka waɗanda girgizarsu ke ninka juna, 200, 400, 600 a daƙiƙa, amo ɗaya take jin su. Albert Bregman na Jami'ar McGill a Kanada ya shafe shekaru yana tona wannan, ya tattara shi a 1990. Yanzu duba aikinka. Jitar tana bin amon mawaƙin sak, suna shiga lokaci guda, ka kuma jibge su a tsakiyar lasifikar hagu da ta dama. Kai da kanka ka shaida wa ƙwaƙwalwa cewa abu ɗaya ne, kana kuma mamakin ta yarda.

Jinkirta jitar kaɗan, ko da kashi 30 cikin 1000 na daƙiƙa, ko mai kaɗawa ya sauka zuwa amo mai kauri ya bar wa murya wurinta. Rage wa jitar ƙarfi inda kalmomi ke fita, wajen girgiza 2000 zuwa 4000 a daƙiƙa. Tura ta hagu ma yana taimako, amma ni ban cika dogara da shi ba, don a waya mai lasifika ɗaya hagu da dama sun zama ɗaya.

Saura abin da ke yaudarar mu masu sana'ar. A 2012, a San Faransisko, masu bincike Mesgarani da Chang sun auna saman ƙwaƙwalwar masu farfaɗiya suna sauraron mutum biyu na magana lokaci guda. Sashen ji ya bi wanda aka mai da hankali a kansa, ɗayan ya dusashe. Kai ka ji waƙar nan sau hamsin, ka haddace baitukan, ko an binne muryar za ka tono ta. Idan ka gama gyaran, kira wanda bai taɓa jin ta ba, ka kunna masa a waya, ya maimaita maka baitin farko.